Asabar a gonar alkama kusa da Torksey

Ƙarfe bakwai maƙwabcina ya danna hon a ƙofar gida. Dattijo ne Bature, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya, Baba nake ce masa kuma ya saba. Ya daɗe yana ce mini in biyo shi in ga abin da yake kashe ranakun Asabar ɗinsa a kai, wato neman tsofaffin abubuwan da ke binne a gona da na'urar gano ƙarfe, yau dai ba ni da aiki, uzuri ya ƙare.

Gonar tana gundumar Lincolnshire a Ingila, ba nisa da kogin Trent. An girbe alkama an bi da garma, ƙasa ta juyo, lokacin da masu wannan sha'awa suka fi so ke nan. Kafin mu taka ko kunya ɗaya sai da muka tsaya gidan mai gona, Baba ya gaishe shi ya nuna ni. Akwai takarda tsakaninsu: duk abin daraja da ya fito, raba daidai. Shiga gonar wani da na'ura ba izini a kwashi abin da aka tono sata ce a nan, kuma masu yin haka cikin dare sun ɓata wa sauran suna.

Ya ba ni tsohuwar na'urarsa, sanda mai faifai a ƙasa, da abin sauraro na kunne, da ƙaramin shebur. Ana lilo da faifan dama da hagu, dab da ƙasa, ana tafiya a hankali kamar mai bin sawun akuya da ta ɓata. Baƙin ƙarfe gurnani yake yi, a wuce shi. Tagulla da azurfa ƙararsu siririya ce mai tsabta. Matsalar ita ce murfin gwangwanin lemo, wanda muryarsa da ta zoben zinare kusan ɗaya ce, don haka dole ka durƙusa ka tona. Kafin azahar aljihuna ya cika da irin waɗannan murafe, da ƙusoshi, da guntun waya, da harsashin dalma guda mai siffar ƙwallo, na bindigogin da.

A gefen shinge na yi salla, iska na neman ɗauke dardumar. Baba ya zuba mana shayi daga fulas, ya nuna mini wata tudu can wajen Torksey. A nan ne, in ji shi, rundunar Bikin, mayaƙan nan na arewacin Turai, suka yi sansanin hunturu a shekarar 872 zuwa 873. Masu na'ura irinsa ne suka taimaka aka gane wurin, kuma cikin abin da suka tsinto har da gutsattsarin dirhami fiye da ɗari, azurfar ƙasashen Musulmi mai rubutun Larabci. 'Yan kasuwar Bikin ne suka kwaso ta ta kogunan Rasha, su kuwa ba ruwansu da rubutun, datsa ta suke yi su auna a sikeli. Na jima ina kallon tudun nan. Azurfar da aka buga da kalmar shahada, ta kwana fiye da shekara dubu a ƙarƙashin gonar Ingila.

Bayan la'asar na samu rabona. Ƙara mai kauri, zurfin bai fi taƙi ɗaya ba. Na fasa dunƙulen laka da yatsa sai ga faifan tagulla, ya yi tsanwa, da nauyi a tafin hannu, gefensa da kauri. Baba ya ɗiga masa ruwa ya shafa da babban yatsa, ya hana ni kankarewa da farce. Kan sarki ya bayyana dishi-dishi. Ya ce kwabon Sarki Joji na Uku ne na 1797, wanda aka buga da injin tururi a Birmingham, nauyinsa oza guda cif, wato giram 28. Na tambayi kuɗinsa. Ya yi dariya ya ce a yadda ya lalacen nan da ƙyar ya sayi shayin mutum biyu.

Kwabo ɗaya irin wannan doka ba ta kula da shi. Amma dokar dukiyar binne ta 1996 ta ce in ka ci karo da tarin kuɗin zinare ko azurfa da suka haura shekara 300, kwana 14 gare ka ka kai rahoto. In gidan tarihi na so, a yi masa kuɗi a biya ka da mai gona. Haka aka yi da tarin zinaren Staffordshire da wani ya tono a 2009, aka yi masa kuɗi fam miliyan uku da 'yan kai. A 2019 kuwa wasu biyu da suka ɓoye nasu a Herefordshire suka tafi gidan yari. Na tuna karatunmu na rikazi a zaure, wato hukuncin dukiyar binne, inda ake fitar da humusi, kashi ɗaya cikin biyar. Ko ƙananan abubuwa Baba yakan kai wa jami'ar rajista ta rubuta inda aka samo su, don a wurinsa abu in an raba shi da sanin muhallinsa ya rage ƙarfe kawai. Ni ma na ga gaskiyarsa, da ba a rubuta inda dirhaman nan suka fito ba, wa zai san da sansanin?

Da dare na kira Kawu a Maraɗi na tura masa hoton. Shi ya je Jado, can arewacin Nijar, a 2014 lokacin da zinare ya ɓulla, ya sayar da shanu biyu suka yi karo-karo suka sayi na'ura, suna sayen ruwan sha da tsada a tsakiyar hamada. Ya dawo da abin da ya rufa wa ɗakinsa kwano, wasu ko kuɗin mota ba su samu ba, kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017. Ya kalli hoton ya ce, "Yaro, yanzu wuni guda ka yi a laka a kan kwabo? Kuma Baturen nan lafiyarsa ƙalau?" Na ce ƙalau, Kawu, har fansho gare shi. Ya ce to in ya gaji da wasa ya aiko masa da na'urar.

Uwargida ta ce takalman nan ba za su shigo mata ɗaki ba, suna waje. Bayana ciwo yake, gobe kuma aikin safe gare ni.