Minti Ashirin Tsakanin Kano da Abuja

Yawancin kuskuren da sabuwar ma'aikaciyar jirgi ke yi wajen rabon abinci, tun jirgi yana ƙasa take shuka shi. A sama dai ake girbe shi a gaban fasinjoji.

A duba lissafin lokaci. Tafiyar Kano zuwa Abuja ba ta cika awa ɗaya a sama. A cire lokacin tashi, wanda ma'aikata ke ɗaure a kujerunsu har sai jirgi ya haura ƙafa 10,000, a cire na shirin sauka, abin da ya rage bai wuce minti ashirin ba. Boeing 737-800 na iya ɗaukar kujeru 189, layi sama da talatin, kowane layi mutum shida. Ƙa'ida ma'aikaci ɗaya ga kujeru hamsin, wato mutum huɗu. In keken abinci ɗaya ya taso daga gaba, ɗaya daga baya, kowane layi daƙiƙa 75 yake samu. Wadda ta tsaya laluben kofi ko ta koma kicin ɗauko ruwa sau biyu, to layukan tsakiya sun sha iska.

Shi ya sa tsofaffin hannu ba sa yarda a rufe ƙofa ba su ƙirga abinci sun gwada da yawan fasinja ba. Kofuna da tishu a saman keke, ruwa da lemo a aljihun da hannu ke kaiwa ba sai an durƙusa ba, abincin masu buƙata ta musamman a ware shi da lambar kujera.

Keken shi ma abin tsoro ne. In ya cika yana iya kusantar kilo 100, ga shi hancin jirgi a ɗage yake kaɗan ko da ya daidaita a sama, don haka keke baya yake son gangarawa. Feda biyu ne a ƙasansa: ja na birki, kore na saki. Sabuwar hannu takan juya ta miƙa ruwa ba ta taka ja ba, sai gwiwar wani bawan Allah ta biya.

Sai shayi. Ba a zuba shi a saman cinyar mutum. A karɓi kofi a ɗan faranti, a zuba a kan keke, kada ya wuce kashi biyu cikin uku, sannan a miƙa, a fara da na bakin taga. Da an kunna alamar ɗaura bel saboda jirgi na girgiza, abin zafi ya tsaya ke nan, komai naci. Lemo mai gas kuma ya fi kumfa a sama saboda ƙarancin matsin iska, sai an karkata kofi an zuba a hankali. Dalilin nan ne ke kumbura murfin yogot. A buɗe shi bakin yana kallon keke, in ba haka ba ya fesa wa mutum a babbar riga.

Jirgin alhazai zuwa Jidda kuwa lokaci akwai, wahalar daban ce. Da yawa hawansu na farko ke nan, wani bai san yadda ake sauke teburin gabansa ba, wata Hajiya ba ta jin Turanci ko Larabci. "Baba, kaza ko nama?" da Hausa, a nuna masa kwanon, ya fi maimaita tambaya sau uku sauri.

Kafin sauka a tattara komai, a mayar da keke raminsa, a taka birki, a juya jajayen makullan da ke riƙe keke a raminsa duka biyu. Sababbi kan juya ɗaya su manta ɗayan, shi ya sa shugabar ma'aikata ke bi tana taɓa kowanne da hannunta.