Akwatin G shi kaɗai ba ya kunna ƙwayar gado

Duk wanda ya zuba jerin furomota (sashen DNA da ke sarrafa kunna ƙwayar gado) a PlantCARE, rumbun bayanai na intanet da ke gano alamomi a furomotocin tsirrai, zai ga an jero masa alamomin haske rututu, sai ya ɗauka ƙwayar gadon da yake nazari tana bin haske. Ba lallai ba ne. Akwatin G, ɗaya daga cikin waɗannan alamomi, wato CACGTG, haruffan DNA shida ne kacal, don haka ko bisa dace yana iya ɓullowa kusan sau ɗaya a kowane haruffa 4,096. Kuma ba haske kaɗai ke aiki da shi ba, saƙon sinadarin ABA na lokacin fari ma ta irin wannan jeri yake bi.

Abin lura shi ne wa ke zaune a kansa. A cikin duhu furotin na PIF ne ke riƙe da akwatin, suna sa tsiro ya yi ta miƙewa babu kore, furotin COP1 da SPA kuwa suna sa a rushe HY5, furotin mai kunna ƙwayoyin gado masu bin haske, da zarar an ƙera shi. Jan haske mai nanomita 660 yana juya fitokrom, furotin da tsiro ke jin haske da shi, daga siffar Pr mara aiki zuwa Pfr mai aiki, sai ya shiga cibiyar tantani ya kama PIF, a fara lalata su cikin mintuna. COP1 ya raunana, HY5 ya taru ya hau wuraren da ke da ACGT, wato tsakiyar akwatin G, a furomotocin RBCS, CAB da CHS, ƙwayoyin gado masu bin haske. Jerin DNA yana nan yadda yake, mai riƙe da shi ne ya sauya.

Duk da haka alama guda ba ta wadatarwa. A furomotocin da aka harhaɗa a ɗakin gwaji, sai an gama akwatin G da GATA, ko GT1 da GATA, waɗanda su ma alamomin haske ne, sannan ake samun cikakkiyar amsa ga haske. Tazarar da ke tsakaninsu da haruffan gefe duk suna da tasiri.

Gwajin tabbatar da ko furomota tana bin haske ba shi da wuya. A rinƙa datse furomotar kaɗan-kaɗan daga nesa, ko a sauya haruffa biyu a tsakiyar ACGT, a haɗa guntun da ƙaramar furomotar 35S ta wata ƙwayar cutar tsiro da aka yanke a -46, wato haruffa 46 kafin inda ake fara karanta ƙwayar gado, sannan a jona lusifares, ƙwayar gadon da ke sa tsiro ya fitar da haske idan furomotar ta kunnu, a bayansa. GUS, wanda shi launi yake nunawa maimakon haske, ya fi arha, amma yana daɗewa bai rushe ba, don haka ba ya nuna lokacin da ƙwayar gado ta daina aiki. A raini tsiron Arabidopsis kwana huɗu a duhu, a ba shi jan haske na 'yan mintuna, wani rukuni kuma a bi shi nan take da haske mai nanomita 730. Idan na biyun ya soke aikin na farko, fitokrom ne, galibi nau'insa na phyB. Idan bai soke ba, kada a yi saurin yanke hukunci, domin phyA, wani nau'in fitokrom, yana farkawa da ɗan ƙanƙanin haske, har da na 730 ɗin.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne sukari da lokaci. Sukari a abincin tsiro yana danne RBCS da CAB. CAB kuma yana bin agogon cikin tsiro, yana hawa da safe yana sauka da dare, saboda haka dole a ɗebi kowane samfur a lokaci iri ɗaya na yini. Sannan layin tsiro ɗaya da aka dasa wa DNA ba hujja ba ne, tunda wurin da DNA ya sauka a kuromosom yana iya ƙara ƙarfinsa ko ya shaƙe shi. A gwada layuka goma ko fiye, kowanne daga dashe daban.