Abin da littafin lissafin lokeshan ya koya mini

Ba sha'awar fitowa a allo ce ta kai ni harkar fim ba. Lissafin kuɗi na karanta, na gama difloma ina zaune ba aikin yi, sai yayan wani abokina da ke shirya fina-finai a Kano ya ce yana neman wanda zai riƙe masa kuɗin lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Kukansa shi ne kullum sai kuɗi su ƙare aiki bai ƙare ba, kuma babu mai iya ce masa ga inda suka shiga. A 2005 ke nan. Ya miƙo mini jakar kuɗi, ni kuma na biya kasuwa na sayi babban littafi mai bangon kwali, irin wanda 'yan kasuwa ke rubuta bashi a ciki. Littattafan nan suna nan a akwatina har yau, sun haura goma, kuma abin da na fahimta game da yadda kuɗi ke zagaya gari, mafi yawansa a cikinsu na gano shi.

Fim ɗinmu na farko kwana tara muka yi muna ɗauka, mu kusan arba'in. Daren ƙarshe na zauna tattara lissafi, sai na ga sunayen jarumai ko shafi biyu ba su cika ba. Sauran shafukan duka na mutanen da mai kallo ba zai taɓa ganin fuskarsu ba ne. Ga mai bas da ya yi ta jigilarmu, ga mai janareto da yaronsa, ga Hajiyar da ta ciyar da mu safe da rana da dare ita da 'yan aikinta uku. Telan da ya kwana biyu a kan keke yana ɗinka yadin da muka yanko a Kantin Kwari yana ciki, haka mai lalle da mai kitso, da kafintan da ya haɗa mana rumfar fada, da mutumin da ya ba mu hayar doki da kayan hawa. Tabarmi da ƙwarya da takobi a kasuwar Kurmi muka saye su. Bayan an tashi daga lokeshan kuma sai wani layin ya buɗe: mai tace hoto, mai kiɗa da fiyanonsa a sutudiyo, mawaƙa, da maɗaba'ar da za ta buga fasta da kwali.

Kwalin nan shi ne zuciyar cinikin a wancan zamani. Furodusa yakan buga kwalayen fim ɗinsa, ya kai su wurin 'yan kasuwa tare da uwar fim ɗin, wato asalin da ake kwafa daga gare shi, su saya kwalayen, su kwafi kaset ko faifai da kansu su zuba a ciki. Yawan kwalin da aka ɗauka shi ne ribarka. Ranar da sabon fim zai fita, in ka je Ƙofar Wambai ko Bata da sassafe za ka tarar da dillalai daga Katsina da Sakkwato da Zariya da Jos, da na Maraɗi da Damagaram, kowa yana ɗaure kayansa. Daga nan wasu kwalayen sai zangon Kumasi da na Ankara, wasu Garwa da Marwa a Kamaru. Na daɗe ina tunanin wannan: hanyoyin da fatake suka bi da baƙin yadi da kanwa suka dawo da goron Gwanja, su ne dai faifan fim ya bi. Kuma ɗan kasuwar da ya zo sarin fim ba ya komawa da fim kaɗai. Zai kwana a masauki, ya ci abinci, ya leƙa Kwari ya ɗauki atamfa, sau da yawa ma irin wadda matan garinsu suka gani jikin wata jaruma suka ce sai ita.

A 2014, da Najeriya ta sake fasalin ƙididdigar tattalin arzikinta, an sa fim da waƙa a lissafi, aka ce suna kawo kusan kashi 1.4 cikin 100. Na ji daɗin ganin an fara ƙirga mu. Amma da na buɗe littafina sai na ga mai doki da mai kitso da yaron mai janareto, waɗanda ba su da rasit balle rajista, na tabbata abin da fim ke motsawa a gari ya wuce abin da alƙalamin hukuma zai iya kamawa.

Abu na biyu da aikin ya nuna mini, a kan benci na gan shi, a Titin Gidan Zoo. Duk wanda ya san Kano ya san nan ne ofisoshin 'yan fim da sutudiyo suka yi dandazo. Da la'asar ɗaya za ka iya haɗa ma'aikatan fim guda ba tare da ka hau mota ba: marubuci yana sama, mai tace hoto yana ƙasa, mai kiɗa yana shagon gaba, mai hayar kyamara yana tsallaken titi. Kuma mutanen nan ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Wasu 'yan ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne tun zamanin da ake nuna diramomi a gidajen talabijin na NTA da CTV, irin ƙungiyar Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ɗin da ake ɗauka a matsayin mafarin wannan kasuwa. Wasu marubutan littattafan hikaya ne da suka juyo da alƙalaminsu. Wasu kuma daga Jos suke zuwa, inda Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta suke, cikinsu har da Kiristoci da waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ne. Akushi ɗaya muke ci da su a lokeshan, in lokacin salla ya yi su tsare mana kayan aiki.

Wata rana wani mai ɗaukar hoto ɗan Jos ya ƙi yarda a ɗauki wata fitowa saboda rigar jarumin. Yadi ne mai ƙananan zane a jere, tela ya zuba masa aiki, ransa kuwa ya ɓaci. Mai kyamarar bai yi musu da shi ba, ya kamo hannunsa ya kai shi gaban ƙaramin allon da muke duba hoto. Telan ya ga yadda zanen ke rawa yana walƙiya kamar ruwa. Nan take aka shiga yi masa bayanin irin yadin da kyamara ke so, da dalilin da ya sa farar shadda ke cinye fuskar mutum in rana ta take. Shi kuma telan ya nuna masa abin da bai sani ba, cewa babbar rigar da aka ba mai fitowa a hakimi ɗinkin 'yan kasuwa ce, duk Bakano zai gane. Tun daga ranar ba a sayen yadi sai su biyun sun zauna. Telan nan yau shagonsa na da kekuna da yawa, kuma rabin masu kawo masa ɗinkin biki ta fim suka san shi. Irin wannan ilimi babu ajin da ake koyar da shi. Kusanci ne ke kawo shi, mutum ya ga aikin ɗan'uwansa da idonsa, ya yi tambaya a ba shi amsa. Yaron da na fara rubuta sunansa a littafina a matsayin mai riƙe waya, a kan bencin nan ya koyi tace hoto, yana zaune bayan wani yana kallon hannunsa har ƙarfe biyun dare.

A ƙarshen 2007 aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, bayan wata hatsaniya da ta taso a harkar. Masu hali suka kwashe kayansu suka koma Kaduna da Jos suka ci gaba da aiki. Ina gida wata safiya aka ce ana sallama, na fito na tarar da Hajiya mai abinci. Bayan mun gaisa ta ce, "Ɗan nan, yaushe za ku koma aiki? Manyan tukwane na saya saboda ku, shinkafar ma bashi na ɗauko."

Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, mu ma jira muke."

Ta ce, "Su waɗanda suka tafi Kaduna, wa ke dafa musu?"

Ban iya ba ta amsa ba, don ni da ita mun san akwai wata a can da ta samu. Jarumi yana iya shiga mota ya bi aiki duk inda ya koma. Mai abinci da kafinta da mai gidan haya ba sa iya bin sa. In sana'ar nan ta bar gari, kuɗin da take zubarwa a unguwa su ma sun bar shi, kuma na ƙasa ne ke fara jin yunwar. Haka aka sake gani bayan wasu shekaru da kasuwar faifai ta mutu, lokacin da satar fasaha ta yi yawa, masu tura fim a waya suka cika kowane lungu, fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa suka zo da araha. Shagunan da na sani cike da kwalaye har rufi, na koma na tarar ana sayar da robobi da gwanjo a cikinsu. Maɗaba'ar da ke buga mana fasta ta sallami rabin yaranta.

A tsakiyar wannan hali na yi kuskuren da har yau yake damuna. Wani furodusa ya ce in tara masa ma'aikata, za a biya bayan fim ya fita. Na kira mutanen da suka yarda da ni, suka zo suka yi kwana goma sha ɗaya a kan maganata kawai. Fim ya fita bai yi kasuwa ba, mutumin ya daina ɗaga waya. Babu takarda ko ɗaya da ke nuna nawa aka yi da wa. Na biya mai janareto da Hajiya daga aljihuna a hankali cikin kusan shekara, amma akwai waɗanda haƙƙinsu bai fita ba har yau, kuma ni na kira su. Daga nan na ɗaura wa kaina doka: ba na sake kiran kowa aiki sai an rubuta, an sa hannu, da shaidu biyu. Da farko an yi ta jin haushina. Wani dattijo a harkar ya ce mini, "Kai yaro, mu da muka gina abin nan da amana, yau za ka ce mu sa hannu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba." Ya yi shiru, ya karɓi biron. Amanar da yake magana gaskiya ce, ita ta ɗauko masana'antar daga babu. Sai dai a ganina rashin rubutu na cikin abubuwan da suka hana ta girma yadda ya kamata, don babu bankin da zai ba da rance a kan labarin baki, babu mai zuba jarin da zai shigo inda ba a san nawa aka kashe nawa aka samu ba. Mai janaretonmu ma da ya tashi neman ƙaramin rance don ya ƙara inji, shafukan littafina ya zo na kwafa masa, su ne shaidar cewa ya shekara uku yana aiki ana biyansa.

Maganar ƙauyen fim na 2016, wato wurin da za a keɓe don shirya fina-finai, ta ƙara nuna mini wani giɓin namu. Gwamnatin tarayya ta ce za ta gina shi a Kofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji da kimanin naira biliyan 3, malamai da jama'a da dama suka nuna rashin amincewa, aka janye. Damuwar da aka bayyana kan tarbiyya ba abin rainawa ba ce, ni ma uba ne, kuma akwai abubuwan da ake sawa a fim da ba na so 'ya'yana su gani. Amma duk muhawarar a kan rawa da waƙa ta tsaya. Mu da ke ciki ba mu fito da tela da kafinta da mai abinci da direba sun faɗi abin da ke bakinsu ba, ba mu je gaban malamai da dattawan gari da lissafi a hannu mun ce ga adadin gidajen da ake ɗora tukunya saboda wannan aiki, ku faɗa mana iyakar da za mu tsaya ba. Mun bar jarumai kaɗai a matsayin fuskar sana'ar, alhali su ne mafi ƙaranci a littafina.

Yanzu abin ya sake salo. Tun da Arewa24 ta fara a 2014, daga baya kuma fina-finai masu dogon zango suka mamaye YouTube, aikin da a da kwana tara ne ya zama na watanni. Ga ma'aikaci wannan babban sauyi ne, don wanda ya san yana da aikin wata huɗu a gabansa yana iya biyan kuɗin haya da na makarantar yara ba tare da fargaba ba. Kuɗin kuma ta wata hanyar suke shigowa: abin da YouTube ke biya, da tallan da masu shinkafa da masu atamfa da makarantu ke sawa a tsakiyar shiri. Sababbin sunaye sun shigo shafukana, mai fassara zance zuwa Turanci a ƙasan allo, mai tuƙa ƙaramin jirgin ɗaukar hoto, yarinyar da ke kula mana da shafukan sada zumunta. Shi ma lissafin ya koma kwamfuta, ko da yake ban daina riƙe littafi a lokeshan ba, saboda wuta da caji.

Hajiya ta tsufa, ƙafa ta hana ta fita, 'yarta ce ke kawo mana abinci yanzu. Watan jiya da muka kammala zango na biyu na wani shiri, na kira ta mu yi lissafi, sai ta zaro nata littafin daga jaka. Muka bi kwanakin ɗaya bayan ɗaya, aka samu bambancin kula biyu ta shinkafa. Ta ce, "Yaya, duba ranar Laraba, ranar da aka yi fitowar biki aka ƙaro mutane." Na duba, nata ne daidai, ni ne ban rubuta ba. Na gyara, muka sa hannu mu biyu, na tura mata kuɗinta kafin ta kai bakin titi.