Kada zare biyu su raba StringBuilder ɗaya

Yaran da ke zuwa koyon Java, harshen rubuta manhajar kwamfuta, a wurina a unguwar Aboabo duk sun haddace magana ɗaya: String, wato jerin haruffa, ba ya canzawa, don haka ko zare nawa suka taɓa shi lokaci guda babu abin da zai faru (zare shi ne kowane ɗaya daga cikin ayyukan da manhaja ke gudanarwa a tare). Ba ƙarya suka yi ba. Tun fitowar Java a 1996 haka aka gina shi, da zarar an ƙera jerin haruffan to shi ke nan, ba mai ƙara masa harafi ko ya cire. Haka yake a C# da Python. Abin da ke damuna shi ne a nan karatunsu yake tsayawa, alhali ɓarnar a gaba take.

Aikin da na fi daɗewa a kai shi ne manhajar da ke tura wa 'yan kasuwar Kejetia ta Kumasi saƙon rasit idan sun zuba kuɗin susu, wato ajiyar da suke ba mai karɓa kullum. Da yamma, lokacin da masu karɓa ke shigar da kuɗin yini, buƙatu kan zo a tare, kowace da zarenta. Wani ƙanena a wurin aiki ya kawo shawarar a ajiye layukan yini duka a ma'ajiya ɗaya, kowane zare ya rubuta jimla = jimla + sabonLayi. Na ce masa ya ƙirga matakan. Uku ne: a karanta tsohon, a ƙera sabo, a mayar da shi ma'ajiya. Idan zare biyu suka karanta tsohon a lokaci ɗaya, wanda ya mayar daga baya ya shafe aikin ɗan'uwansa. String ɗin lafiyarsa lau, ma'ajiyar da ke nuna shi ce ake kokawa a kai, kuma layin wata Hajiya mai sayar da atamfa ya ɓace ba tare da manhaja ta yi ko tari ba. Sa wa ma'ajiyar kalmar volatile ba ya maganin wannan, shi aikinsa kawai kowane zare ya ga sabon abin da aka ajiye.

Sai ya ce, “To Yaya, ai ga StringBuffer, yana da kulle.” StringBuffer jerin haruffa ne da ake iya ƙara wa rubutu, kuma yana da kullen kuwa, mai hana zare biyu shiga lokaci guda, amma kullen na kowane kira ɗaya ne. Kamar almajirai biyu ne a kan allo ɗaya da alƙalami ɗaya, kowa ya rubuta kalma ya miƙa wa ɗan'uwansa. Kowace kalma za ta fito cikakkiya, amma rubutun ba zai karantu ba. Zare na farko ya saka suna, kafin ya saka kuɗi na biyu ya shigo da nasa sunan. A harkar susu ba abin da ya fi wannan muni, domin amana ce jarin mai karɓa, kuma wadda ta ga kuɗin wata a ƙarƙashin sunanta ba za ta saurari bayanin kwamfuta ba.

StringBuilder kuwa, takwaran StringBuffer wanda ya zo da Java 5 a 2004, da gangan aka cire masa kulle don ya yi sauri. Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a nan. Tun Java 9 a 2017, idan duk haruffan suna cikin Latin-1, wato rukunin haruffan harsunan Yammacin Turai, ana ajiye kowanne a bayit (ma'aunin wurin ajiya a kwamfuta) ɗaya, idan ɗaya ya fita daga ciki sai a kwafe duka zuwa bayit biyu-biyu. Haruffanmu ɓ da ɗ da ƙ ba sa cikin Latin-1, alamar sidi ₵, kuɗin Ghana, ma haka. Ke nan zare ɗaya na iya saka ₵ ya tilasta a sauya dukan ma'ajiyar, ɗayan kuma yana tsaka da rubutu a tsohon tsari. Sakamakon ko haruffan banza ko manhaja ta faɗi. Wanda ya yi gwaji da sunayen Turawa da lambobi zalla ba zai taɓa bi ta wannan hanya ba.

 

Abin da nake yi ba shi da wata ƙwarewa. Kowane zare ya ƙirƙiri StringBuilder nasa a cikin aikin da yake yi, ya haɗa rasit ɗin har ƙarshe, ya kira toString don ya mayar da shi String, sannan ya jefa kammalallen String a BlockingQueue, wato layin jira da zaruruwa ke iya rabawa lafiya. Zare ɗaya tak ke ɗauka daga layin yana rubutawa a fayil ko yana tura saƙo. Idan dole sai an raba ma'ajiya ɗaya, a sa kullen synchronized ya rufe matakan nan uku gaba ɗaya, ko a yi amfani da AtomicReference da updateAndGet, wanda ke sake gwadawa idan wani ya riga shi.

Kwanan watan da ke kan rasit ma a duba shi. SimpleDateFormat, mai tsara rubutun kwanan wata, yana riƙe lissafinsa a cikinsa yayin aiki, idan aka sa shi static, wato guda ɗaya ga kowa, zaruruwa suka raba, kwanan wata na iya fitowa ba daidai ba. DateTimeFormatter na Java 8 ba ya canzawa, shi nake sa yaran Aboabo su yi amfani da shi tun darasin farko.