Yadda Nake Ɗaukar Hoton Shaho a Lambu

Duk wanda ya ajiye wa ƙananan tsuntsaye ruwan sha a lambu, ya sani ya gayyato mai farautarsu. Ni dai haka aka yi: kurciyoyi suka saba da wurin, shaho ya biyo su, ni kuma na soma zaman jiransa da kyamara.

Ba ni ke fara ganinsa ba, ƙananan tsuntsayen ke sanar da ni. Sai ka ji wani siririn kuka na firgita, kafin ka ankara kowa ya faɗa cikin ganye, lambu ya yi tsit. A lokacin nake kai ido kan rassan da ya saba sauka. Shaho ba ya son fili, yakan laɓe ne a inuwar bishiya inda zai ga ƙasa ba a gan shi ba. Ganinsa ya ninka namu nesa ba kusa ba, motsi kaɗan ya ishe shi ya tashi. Shi ya sa nake ɗauka daga cikin ɗaki: in kashe fitila, in rage labule, in buɗe tagar tun kafin ya zo. Idan dole ce ta sa na ɗauka ta gilashi, sai in manna bakin kyamarar a jikinsa don kada ƙyalli ya ɓata hoton.

Gilashin zuƙowa mai milimita 400 nake amfani da shi. Idan yana zaune, saurin ɗauka na 1/500 na daƙiƙa ya wadatar, amma in tashinsa nake so, ba na yin ƙasa da 1/2000, ko da hakan zai sa in ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, wanda ɗaga shi kan sa hoto tsaki-tsaki. Gara hoto mai ɗan tsaki-tsaki da fuka-fukan da suka dagule. Kan ido nake saitawa kullum, domin kyamara takan kama reshen gaba ta bar tsuntsun.

Hoton da na fi ƙauna na same shi ne ranar da ya kama kurciya a gindin bishiya. Ya danne ta da farata, ya baza fuka-fukansa ya lulluɓe ta kamar mai ɓoye dukiya, bakinsa a buɗe yana haki. Da ya huce sai ya shiga figa, yana fizge gashin yana watsarwa, wani ɗan gashi ya maƙale masa a baki. Bayan kowane fizga sai ya ɗago kai ya dubi hagu da dama, kuma a wannan ɗagowar hoton yake. Wasu sun fito da ido fari fat, saboda wata siririyar fata da ke gilmawa ta share masa ido, don haka nake ɗaukar da yawa a jere.

Na tausaya wa kurciyar, wallahi. Duk da haka ban fita ba, ban matsa ba. Yawancin farmakin shaho a banza yake ƙarewa, kuma in ka kore shi daga kan abincinsa don neman kusanci, ita ta riga ta mutu, shi kuma sai ya sake kashe wata. Masu ɗaure masa ɗan tsuntsu mai rai don ya sauko gaban kyamara kuwa, ban yarda da su ba ko kaɗan.

Tashinsa ma yana da alama. Yakan girgiza gashi, sau da yawa ya yi kashi, ya sunkuya, sannan ya tashi yana fuskantar iska. Da na ga haka sai in bar masa sarari a gaban hoton.

Shirwa ta fi ba ni wahala, don ita a sama take shawagi tana murza wutsiyarta mai tsaga. Hasken sama yakan ruɗi kyamara tsuntsuwar ta fito baƙa ƙirin, sai na ƙara haske mataki ɗaya ko biyu, kuma na jira safiya ko yamma lokacin da rana ke haska ƙarƙashin fuka-fukanta.