Zarra ɗaya a tukunyar salansa

Laraba, bayan isha'i, Aboabo, Kumasi.

Da asuba saƙon da na yi mako shida ina jira ya shigo. Hotunan samfura biyu ne da na aika wa abokan aikinmu a waje, aka ɗauke su da madubin ilektoron mai nuna zarra ɗaiɗai, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar kowane sinadari. Na farkon, wanda ban gasa ba, ya fito yadda na yi fata: fararen ɗigo warwatse, kowane ɗigo zarrar filatinam guda ce, wani ƙarfe mai tsada, zaune ita kaɗai a kan garin alumina, wato sinadarin alminiyam da iskar oksijin. Na biyun kuwa, da na gasa a zafin digiri 800 cikin iska, shi ya sa kokona ya huce a kofi. Ɗigon duk sun ɓace, sun haɗe sun zama dunƙule-dunƙule. Na san hakan na iya faruwa, na karanta, amma gani ya kori ji. Aikin wata huɗu ke nan.

Na tafi makaranta, malamina ya duba hotunan ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce mu gode Allah da na farkon ya nuna hanyar haɗin da na bi daidai ce. Gaskiya ya faɗa. Zuciyata dai ba ta karɓa ba a lokacin.

Bayan azahar na hau tiroto zuwa Suame Magazin, unguwar makanikai, domin tun jiya Kawu ya kira ya ce ya ajiye mini wani abu. Na same shi a garejinsa, hannu duk baƙin mai, ya miƙo mini guntun abin da ke cikin tukunyar salansa, mai ramuka kamar saƙar zuma.

"Ga shi, 'yata. Shekara da shekaru masu saye suna zuwa suna biyan kuɗi mai kauri a kan wannan, mu dai mun san da daraja a ciki. Mene ne?"

Na zauna a kan benci na yi masa bayani. Jikin saƙar yumɓu ne, an shafe ramukan da wani gari, a kan garin an yayyafa filatinam da faladiyam da rodiyam, duka-duka 'yan giram kaɗan. Hayaƙin inji mai guba yana ratsawa, ƙarafan nan su kama shi su juya shi ya zama mai sauƙin illa, su kuma suna nan ba su ƙare ba. Shi ake kira katalis. Na ce masa mafi yawan filatinam ɗin duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, kuma yana da tsada ƙwarai, shi ya sa tsohuwar salansa ta fi wani sabon kaya kuɗi.

Sai ya ce, to ni mene ne nawa a ciki, har da neman digirin dakta?

A nan ne bakina ya buɗe. Na ce, Kawu, ƙarfen nan yana aiki ne da bayansa kawai, inda iska ke taɓawa. Dunƙule mai faɗin nanomita 10, wanda ko madubin asibiti ba ya gani, kusan zarra ɗaya cikin goma ce take waje. Sauran tara suna ciki, an biya kuɗinsu, ba sa taɓuka komai. A 2011 Tao Zhang da abokan aikinsa a Sin suka nuna ana iya zaunar da filatinam zarra ɗaiɗai a kan tsatsar ƙarfe, kowace ta yi aiki. Ni abin da nake bi ke nan. Matsalata ita ce da zafi ya hau, sai su bar mazauninsu su nemi juna.

Kawu ya yi dariya ya ce ai ya gane. Yaran gareji in ka raba musu mota kowa tasa, aiki na tafiya, in ka juya baya sai su taru a inuwa ɗaya. Ya ce maganin shi ne kowa ka ba shi wurin da zai so zama.

Wallahi na yi shiru, don abin da ƙungiyar Abhaya Datye a Amurka ta nuna a 2016 ke nan: garin siriya, wato sinadarin siriyam da iskar oksijin, yana cafke zarrar filatinam ya riƙe ta ko a digiri 800. Na san aikin, amma na yi ta kauce masa saboda wata damuwa. Zarrar da aka riƙe da ƙarfi sosai takan yi sanyin aiki, ba ta kama hayaƙin yadda ake so. Tun zamanin Paul Sabatier, masanin kimiyyar sinadarai ɗan Faransa, aka gane cewa riƙon katalis sai tsaka-tsaki, in ya yi sako-sako abu ya kufce, in ya yi tsauri ya ƙi saki. Duk digirina yana cikin wannan 'yar tazarar. Kuma ina sonta, ko a rana irin ta yau.

Da na dawo gida na tarar Mma na dafa wake. Na ba ta labari, ta ce ashe kanwa nake karantawa, tunda ita ma kaɗan ake sawa wake ya nuna da wuri. Na ce kusan haka ne, Mma, sai dai kanwarki tana tafiya da miya, tawa kuwa so nake in tsame ta bayan an sauke tukunya in sake amfani da ita sau dubu. Ta ce Allah ya ba ni sa'a, ta zuba mini abinci.

Na rubuta wa malamina cewa gobe zan haɗa samfura uku, siriya kaɗan, matsakaici, da mai yawa, in gasa su tare a murhu ɗaya don kada zafi ya bambanta. Fatana kada a ɗauke wutar lantarki har awannin gashin su cika. Guntun saƙar da Kawu ya ba ni na naɗe shi a takarda na sa a jaka, zan auna nauyinsa da safe kafin in fara.