Sunansa ɗan sanda, amma bindiga ce a kafaɗarsa

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida. Ina gaishe ku daga Manchester ta ƙasar Ingila, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan rashin tsaro da ya hana mutanenmu barci da noma.

Wani abu da ya faru a layinmu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji ƙarar fashewar gilashi. Maƙwabcinmu ne ya sha ya yi tatul, matarsa ta kulle masa ƙofa, shi kuma ya tsaya yana dukanta da ƙafa yana zage-zage. Ba a jima ba sai ga 'yan sanda biyu, mace da namiji. Na ɗaga labule, kuma idona bai fara sauka ko'ina ba sai kan ƙugunsu, don abin da na saba dubawa ke nan tun ina yaro. Akwai ankwa, akwai oba-oba, akwai ɗan gwangwanin feshin barkono, da guntun kulki, da 'yar kyamara maƙale a ƙirji. Bindiga kam babu. Macen ta tsaya nesa da shi kaɗan, tafukan hannunta a buɗe, tana kiran sunansa a hankali. Ya taso mata sau biyu, ta ja da baya ba ta ɗaga murya ba. Sun fi rabin sa'a a haka kafin ya zauna bakin dakali ya fashe da kuka, suka sa masa ankwa suka tafi da shi. Na koma shimfiɗa ina tambayar kaina: da a gida ne, kuma da AK-47 a hannun ɗayansu, wa zai ba ni tabbacin mutumin nan zai ga wayewar gari?

Mu Hausawa da kanmu muka raɗa masa suna ɗan sanda, domin sanda muka gani a hannunsa. Dattawanmu suna ba da labarin 'yan dokan En'e, waɗanda kulki ne makaminsu, kafin a narkar da su cikin rundunar tarayya a zamanin mulkin soja. A nan ma asalin abin ke nan. Lokacin da ministan cikin gida na wancan zamani, Robert Peel, ya kafa 'yan sandan Landan a 1829, mutane suna tsoron kada a sako musu soja a tituna da sunan tsaro. Shi ya sa aka ɗinka musu shuɗin kaya maimakon jan kayan soja, aka ba su kulki. Shekara kusan ɗari biyu ke nan, ba su saki wannan hanya ba.

Ba wai ba su da masu bindiga ba ne. A Ingila da Wales akwai 'yan sanda sama da 140,000, amma waɗanda aka ba izinin riƙe bindiga kimanin 6,000 ne. Mutum da kansa yake nema, a tantance shi, a horar da shi, kuma a riƙa sake gwada shi. In ya faɗi a karɓe izinin. Suna zagaye cikin motoci na musamman, sai an kira su. A shekara sukan fita aiki da makami kusan sau 18,000, amma lokutan da suke harba harsashi a kan mutum ba su cika wuce goma ba. Ku sake duba lissafin nan. Ranar da 'yan ta'adda suka kai hari a gadar Landan cikin watan Yunin 2017, minti takwas bayan kiran farko masu bindigar sun iso sun gama da maharan uku.

Tsarin yana da tsadarsa, kuma da rai ake biya. A yankin nan namu na Manchester, cikin Satumbar 2012, wani ɗan daba ya kira 'yan sanda da ƙaryar an fasa gida. Aka tura mata biyu, Fiona Bone da Nicola Hughes, ba ko ɗaya mai bindiga. Ya buɗe musu wuta, ya jefa gurneti, duka suka mutu. A Maris 2017 an kashe ɗan sanda Keith Palmer da wuƙa a ƙofar majalisar dokoki a Landan, shi ma hannunsa babu bindiga. Kowane lokaci irin wannan sai muhawarar ta taso, kuma ina ganin girman masu cewa a ba kowa makami, don jinin abokan aikinsu suke gani. Amma bayan kisan matan nan biyu, shugaban 'yan sandan Manchester na lokacin ya fito ya ce suna nan kan bakansu na aiki ba bindiga. Su kansu masu horon ma sun taɓa yin kuskuren da ba ya gyaruwa: a Yulin 2005 sun harbe wani matashi ɗan Brazil, Jean Charles de Menezes, a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell, suna zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne, alhali ma'aikacin lantarki ne zai tafi wurin aiki. In zaɓaɓɓu ƙwararru za su yi haka, ina ga wanda aka miƙa wa bindiga don kawai ya sa kaki?

Na san abin da wani zai ce, kuma gaskiyarsa ne: Ingila ba Zamfara ba ce. A nan, tun bayan da wani ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a 1996, aka haramta wa jama'a mallakar ƙananan bindigogi, don haka da wuya ɗan sanda ya ci karo da mai makami. Ko a cikin Birtaniyar ma, a Arewacin Ireland inda aka sha rikici shekara da shekaru, kowane ɗan sanda da bindigarsa. Saboda haka ba zan zauna nan cikin kwanciyar hankali in ce a tura ɗan wani Zurmi ko Birnin Gwari ko Gwoza da kulki ba. Wanda zai tari ɓarayin daji a ba shi makami mai kyau, da harsashi isasshe, da rigar sulke, da motar da za ta tashi in an murza makulli.

Tambayata a kan sauran ce. Mai ba da hannu a shataletale, me zai yi da AK-47? Wanda aka aika ya sasanta rigimar mai haya da mai gida fa, ko ya kamo yaron da ya saci waya a kasuwa? Bindigar yaƙi ce wannan, harsashinta yana ratsa ƙofar mota ya wuce ya sami mai tallar gyaɗa da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Zuwana gida na ƙarshe, an tare motar hayar da nake ciki a wani shinge. Jami'in ya sunkuyo yana magana da direba, bindigar na rataye a kafaɗarsa, bakinta ya leƙo ta taga yana kallon cikin wata baiwar Allah mai goyo da ke gaba. Bai ma san hakan ta faru ba. Idonsa ja wur, da gani tun asuba yake tsaye a rana. Ba wanda ya iya cewa "Yallaɓai, kau da bindigarka." Duk muka yi tsit har direba ya miƙa abin da zai miƙa. Ban ji haushinsa ba kamar yadda na ji tsoro, na kuma tausaya masa. An ɗora wa mutum gajiyayye, mai ƙaramin albashi, abin da motsin yatsa ɗaya zai mai da shi mai kisan kai. Bindigar ma takan jawo masa ajali, don sau nawa muka ji an far wa shinge an kashe jami'ai saboda a kwashe makamansu?

Mun san inda wannan ke kaiwa. Matasa shida, akasarinsu 'yan kasuwar Apo, da 'yan sanda suka kashe a Abuja a 2005, sai a 2017 kotu ta yanke hukunci, shekara goma sha biyu iyayensu na jira. Lauya Bolanle Raheem, da cikinta, ɗan sanda ya harbe ta a Legas ranar Kirsimetin 2022 tana cikin mota da iyalinta. Waɗannan su ne suka samu shiga jarida. Nawa ne a ƙauyukanmu aka ce "harsashi ne ya kuɓuce", aka yi jana'iza, aka ce wa iyaye su bar wa Allah?

A nan, duk ranar da ɗan sanda ya harbi mutum, wata hukuma mai zaman kanta ce ke karɓar bincike, ba abokan aikinsa ba. A karɓi bindigar, a ƙirga harsashi, a duba hoton kyamarar ƙirjinsa. Wannan bai fi ƙarfinmu ba. Littafi ne da alƙalami a ma'ajiyar makamai: wa ya ɗauka, harsashi nawa ya fita da su, nawa ya dawo da su, ragowar ina suka tafi.

Yanzu ana ta maganar 'yan sandan jihohi, ga Katsina ta kafa dakarun tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. Ke nan hannuwan da za su riƙe makami da sunan hukuma ƙaruwa za su yi. Ina roƙon ku, malamai da 'yan jarida da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, in 'yan majalisarku sun zo gida ku zaunar da su ku tambaye su: a dokar da za ku yi, wane jami'i ne zai ɗauki bindiga, wane ne ba zai ɗauka ba, kuma in ya harba wa zai bincike shi? Ku nemi a rubuta amsar cikin dokar kafin a raba makaman.

Ku gaishe min da kowa da kowa. Wassalam.

Ɗan uwanku,
daga Manchester